Ƙwallona na karkata dama duk lokacin da na ɗauki direba, ku taimaka

Baban Hanif: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke tattaunawa ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya kai ni maƙura. Shekara biyu ke nan da na fara ƙwallon lambu, wato golf, a nan Kaduna, da hannun dama nake bugu. Sandunan ƙarfe ba laifi, mai lamba 7 tana tafiya kusan inda na nufa. Amma da na ɗauki direba, wato doguwar sandar bugun nesa, sai ƙwallo ta tashi kamar za ta yi hagu kaɗan, tana kai rabin tafiya sai ta lanƙwasa dama kamar lauje, ta faɗa cikin itatuwa. Ranar Asabar ƙwallo huɗu na rasa a ramuka tara na farko. Biyu sun wuce fararen turakun iyakar fili, biyu mun neme su har minti ukun da doka ta bayar ya cika ba mu gani ba. Kowace ɗaya kuwa komawa kan ti ce, wato wurin bugun farko inda ake ɗora ƙwallo kan ɗan tsinke, da bugu na uku. Na gwada fuskantar hagu sosai don in ba ta wuri, sai lanƙwasar ta ƙaru. Abokan da muke zagaye tare suna haƙuri da ni, amma ina ganin yadda nake ɓata musu lokaci, abin yana damuna ƙwarai. Mene ne maganin wannan lanƙwasar da ake kira silais?

Alhaji Babba: Wa alaikumus salam. Baban Hanif, kwantar da hankalinka, kusan duk wanda ya riƙe sanda ta nan ya biyo. Na fi shekara talatin ina wasan nan a Kano, kuma abin da aka koya mana shi ne: kana saukowa da sanda daga waje zuwa ciki, kana sara kamar mai faskare. Kafaɗarka ta dama ce ke riga kowa fita. Gyara hanyar sanda, ƙwallo za ta miƙe.

Injiniya: Ranka ya daɗe Alhaji, abin da kuka faɗa game da saran faskare gaskiya ne, kuma na tabbata Baban Hanif yana yi. Amma ku ba ni dama in ƙara wani abu, don ina ganin idan ya fara da hanyar sanda wahala zai sha.

Abubuwa biyu ne ke yanke wa ƙwallo hukunci a daidai lokacin da sanda ta taɓa ta. Ɗaya inda fuskar sanda take kallo, ɗayan kuma inda kan sandar yake tafiya. A da ana koyar da cewa hanya ce ke nuna inda ƙwallo za ta fara nufa. Da na'urorin awo masu aiki da rada suka zo, irin su TrackMan ta ƙasar Denmark da aka kafa kamfaninta a 2003, sai aka ga ba haka ba ne. A direba kusan kashi 85 cikin 100 na inda ƙwallo ke fara nufa daga fuska yake, a sandunan ƙarfe kuma wajen kashi 75. Ita kuwa lanƙwasa, tana zuwa ne daga tazarar da ke tsakanin fuska da hanya.

Mu ɗauki bugun Baban Hanif. A ce kan sandarsa na tafiya digiri 6 zuwa hagu, fuska kuma na kallon digiri 2 zuwa hagu. Ƙwallo za ta fara ta hagu kaɗan, kamar yadda ya bayyana. Amma fuskar a buɗe take da digiri 4 idan aka gwada ta da hanya, wato tana kallon dama da hanyar, sai ƙwallo ta ɗauki juyi a karkace, iska ta ja ta dama. Duk wanda ya taɓa buga firikik da gefen ƙafa ya san wannan: ƙafa ta nufi wani wuri, gefen da ya shafi ƙwallon yana kallon wani wurin, shi ya sa take zagaye katanga.

To yanzu idan ya gyara hanya kawai ya bar fuska a buɗe, ƙwallo za ta fara ta dama ta ƙara yin dama. Bugu uku zai yi haka, jikinsa ya tsorata ya koma saran da ya saba. Shi ya sa nake cewa a fara rufe fuska.

Alhaji Babba: Injiniya, mu da ba mu da na'ura mun gyara namu da ido da kuma haƙuri. Ban ce lissafinka ƙarya ne ba. Amma mutum ba ya tsayawa kan ti yana ƙirga digiri.

Injiniya: Haka ne ranka ya daɗe, ba zai ƙirga ba. Amfanin lissafin kawai ya san ta inda zai fara. Ƙwallon ma ita ce na'urar: inda ta fara nufa labarin fuska take ba ka, inda ta lanƙwasa labarin tazarar.

Ɗan Jos: Yallaɓai Baban Hanif, ni da ɗaukar jakar 'yan wasa na fara tun ina ɗan sakandare a Rayfield da ke Jos, filin da yake nan tun 1913 zamanin haƙar kuza. Na tsaya a bayan masu silais ba adadi, kuma kafin mutum ya ɗaga sanda nakan san inda zan je neman ƙwallonsa, daga kallon hannunsa kawai. Don Allah ka yi mana abu ɗaya. Ka riƙe direba yadda ka saba, ka tsaya kamar za ka buga, ka kalli hannunka na hagu ba tare da ka karkatar da kai ba. Gaɓoɓin bayan yatsu nawa kake gani? Sannan ƙotar a ina take kwance, a tsakiyar tafin hannu ko a cikin yatsu?

Baban Hanif: Na tashi na gwada yanzu a tsakar gida. Gaɓa ɗaya nake gani, ita ma da ƙyar. Ƙotar kuma a tsakiyar tafi take. Safar hannuna ma a nan take fara hudewa, wajen tudun da ke ƙasan ƙaramin yatsa, ta uku ke nan a bana.

Ɗan Jos: To ai an gano gidan ɓarawon, Yallaɓai. Safar ma ta ba da shaida. Wannan riƙon shi ake kira mai rauni, kuma da shi fuska ba za ta taɓa rufuwa da kanta ba sai dai ka yi ta ƙoƙarin murɗa hannu a ƙarshe, wani lokaci ka dace, sau da yawa ka makara.

Ga yadda za ka yi. Ka saki hannun hagu ya rataya a gefenka yadda Allah Ya halicce shi. Za ka ga bayan hannun ba gaba yake kallo sak ba, ya ɗan juyo ciki. A haka za ka ɗora ƙota, ta ratsa daga gindin ƙaramin yatsa zuwa tsakiyar manuniya, tudun tafin ya hau kanta ya danne. Ka rufe hannu. Idan ka kawo sanda gabanka ya kamata ka ga gaɓa biyu zuwa uku. Tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ta nuna kafaɗarka ta dama, ba haɓarka ba. Hannun dama kuma ya shigo ta ƙasa kaɗan, tsagarsa ita ma ta kalli kafaɗar dama. Masu silais da yawa suna kifa hannun dama a saman ƙota, wannan shi ke tura kafaɗa gaba tun kafin a fara komai.

Kuskure ɗaya da nake yawan gani: mutum ya ajiye sanda a ƙasa da tsohon riƙonsa sannan ya murɗa hannuwa tare da sandar. Bai canza komai ba, da ya ɗaga za ta koma yadda take. Fuska tana kallon gaba sak tukuna, sannan a ɗora sabon riƙo a kanta.

Zai yi maka baƙo ƙwarai, kamar ka sa takalmin wani. Ka ajiye sanda ɗaya a falo, duk lokacin da ka wuce ka ɗauka ka riƙe sau biyar ka ajiye. Mako biyu hannu zai karɓa.

Maman Amira: Sannunku da ƙoƙari. Ni a Abuja nake bugawa, kuma na yi shekara guda cur ina fama da wannan. Abin da Ɗan Jos ya faɗa shi ya fara taimakona, amma akwai abin da ba a ambata ba tukuna, wato wurin da ƙwallo ke taɓa fuskar sanda. Ni ban san ina bugu da dunduniyar direba ba, wato gefen da ke kusa da ƙota, sai ranar da kocina ya barbaɗa hodar jarirai a fuskar ya ce in buga biyar. Duk tambarin biyar a dunduniya suka fito, kamar an dangwala da yatsa. Ya ce min ko da fuska da hanya sun daidaita, bugun dunduniya a direba da kansa yana sa ƙwallo ta juya zuwa dama, don kan sandar yana murɗawa lokacin karon, ƙwallo kuma ta juya akasinsa kamar haƙoran giyar mota biyu da suka haɗu. Baban Hanif ka gwada, hoda ko alli ko maka ta allo, duk suna yi. Ni maganin da aka ba ni mai sauƙi ne: na sauko da riƙo kamar faɗin yatsa biyu, na ɗan ja baya daga ƙwallo. Direbobin yanzu sun kai inci 45 ko fiye, ga mai koyo tsawon ya yi yawa.

Injiniya: Hajiya ta kawo magana mai muhimmanci. Kuma wannan ya amsa tambayar da ke cikin saƙon farko, dalilin da ya sa mai lamba 7 take miƙewa direba ba ta miƙewa. Kuskuren ɗaya ne a duka biyun. Mai lamba 7 fuskarta a kwance take da digiri talatin da wani abu, tana ba ƙwallo juyin baya mai yawa da ke rinjayar na gefe. Direba kuwa digiri 9 zuwa 12 ne kawai, ga tsawo, ga gudu, ga nisan tafiya da ke ba lanƙwasa lokacin bayyana. Baban Hanif, taka digiri nawa ce?

Baban Hanif: An rubuta 9.5 a ƙasanta. Wani abokina ne ya sayar min da zai canza tasa, ƙotar mai tauri ce.

Sarkin Yaƙi: Ai matsalar ke nan gaba ɗaya. Ka sayar da ita ka nemi irin wadda aka ƙera don masu silais, mai nauyi a dunduniya, digiri 12. Ni haka na yi na huta, ba riƙo ba lissafi.

Ɗan Jos: Yallaɓai Sarkin Yaƙi, sandar tana taimakawa, ban musa ba. Amma na ɗauki jakar mutanen da suka canza direba uku a shekara ɗaya, ƙwallonsu na nan a daji ɗaya. Sanda mai nauyi a dunduniya za ta rage lanƙwasa, ba za ta rufe fuskar da hannu ya buɗe ba. Kuma a kuɗin da ake sayar da sababbi yanzu, kaso kaɗan daga ciki zai biya masa darasi da yawa wurin koci.

Sarkin Yaƙi: Kowa da yadda ya ga dama. Ni dai ba ni da lokacin zuwa filin atisaye sau uku a mako, Asabar kawai gare ni, kuma ina son in ji daɗinta.

Maman Amira: Maganarka tana da hujja Sarkin Yaƙi, ba kowa ke da lokaci ba. Amma kafin ya saya, Baban Hanif ya duba wuyan direbarsa. Idan akwai kusa a ƙasa da lambobi a zagaye, ana kwancewa da ɗan makullinta a ƙara digiri ɗaya ko fiye. A yawancinsu ƙara digiri yana ɗan rufe fuska ma. Kyauta ne wannan.

Alhaji Babba: Bari in dawo, don ina jin tsoron kada ku cika wa yaron nan kai. Riƙo, hoda, makulli, digiri. Zan ba ku labarina. Akwai shekarar da na ɗauki aniyar sai na mayar da buguna mai lanƙwasa hagu, don ana cewa shi ke da nisa. Na ƙarfafa riƙo fiye da kima, wato na juya hannuwa dama sosai a kan ƙota, sai na guje wa gara na faɗa gidan zago. Ƙwallo ta koma nutsewa hagu ƙasa-ƙasa, ga ƙasar rani a bushe ƙamas, idan ta sauka sai ta yi ta gudu har cikin ciyawa. Wata shida ban ji daɗin wasa ba. Daga ƙarshe na koma 'yar lanƙwasata ta dama, na rage ta kawai, da ita nake wasa har yau. Dubi shahararrun 'yan wasan nan na Amurka: Jack Nicklaus da ya ci manyan gasa 18, yawancin rayuwarsa ƙwallonsa daga hagu zuwa dama take tafiya. Lee Trevino ma haka. Ben Hogan kuwa lanƙwasar hagu ce ta kusa raba shi da wasan a farkon shekarunsa, sai da ya raunana riƙonsa ya samu kansa. Don haka Baban Hanif, ba a ce sai ƙwallonka ta miƙe kamar igiya ba. Idan lanƙwasar taku arba'in ta koma taku goma, ka gama.

Injiniya: Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, ranka ya daɗe. Abin da zan ƙara kawai, labarin Hogan ya cutar da masu koyo da yawa. Maganin da ya haɗa wa kansa na mai lanƙwasa hagu ne, mai silais ya kwaikwaya sai ciwonsa ya ƙaru. Ƴar lanƙwasar da ƙwararru ke yi tazarar digiri ɗaya ko biyu ce kuma a tsakiyar fuska suke bugu. Ba a kai wa can sai an fara rufe fuskar.

Likita: Ni ba gwani ba ne a wasan, amma ina so in ce wani abu ta ɓangaren jiki. Yawancinmu mun fara ne bayan shekara arba'in, mun wuni zaune a ofis ko a mota. Ƙugu da tsakiyar baya sun sandare. Wanda bai iya juya kafaɗa sosai a ɗagawa ba, hannuwa kawai yake ɗagawa sama, kuma daga can babu hanyar saukowa sai ta waje. Ba taurin kai ba ne, jiki ne bai ba da wuri ba. Ka buɗe yatsun ƙafar dama waje kaɗan, ka bar dunduniyar ƙafar hagu ta ɗaga idan tana so. Kuma a safiyar hunturu kada ka sauko daga mota ka nufi ti kai tsaye, ka ɗauki minti goma kana motsa jiki da sanda a kafaɗa. Bayanka zai gode maka.

Baban Hanif: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa. Asabar muna da ƙaramar gasa tsakaninmu, zan gwada sabon riƙon a can.

Alhaji Babba: A'a ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar gasa ka bar direba a jaka, ka buga da katako mai lamba 3 ko 5, ka gama wasanka lafiya. Sabon riƙo filin atisaye za ka kai shi.

Baban Hanif: Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto bayan kwana goma sha biyu. Na bi maganar Baba Alhaji, ranar gasa ban taɓa direba ba, ƙwallo ɗaya kawai na rasa. Filin atisaye kuma na je sau huɗu da yamma bayan La'asar. Hodar Hajiya ta nuna min abin da ban zata ba, cikin goma bakwai a dunduniya. Na sauko da riƙo, yanzu suna matsowa tsakiya. Wuyan direbar ma yana da kusa, mai gyaran sanduna ya mayar min da ita 10.5. Da sabon riƙon lauje ya ɓace, wallahi na tsaya ina kallon ƙwallo ta farko har ta sauka ban motsa ba. Sai dai wata sabuwa ta ɓullo: yanzu miƙewa take yi sak amma zuwa hagu, nesa da inda na nufa. Na ɓata ne?

Ɗan Jos: Ba ka ɓata ba Yallaɓai, albishir ne wannan. Fuska ta yi daidai da hanya ke nan, ƙwallon tana nuna maka ainihin inda sandarka take tafiya tun da can. Kada ka taɓa riƙon. Yanzu lokacin maganar Alhaji ya yi.

Ka fara da tsayuwa. Shekara biyu kana fuskantar hagu don tsoron daji, idonka ya saba har yana ganin hakan shi ne daidai. Ka shimfiɗa sanda a ƙasa a gaban yatsun ƙafarka tana bin layin da kake nufi, ka sa wani ya tsaya a baya ya ɗora wata a ƙirjinka ya gaya maka ina kafaɗu ke kallo. Na tabbata hagu ne. Ƙwallo ta tsaya daidai cikin dunduniyar ƙafar hagu, kada ta wuce, don idan ta yi gaba da yawa kafaɗa sai ta buɗe wajen miƙa mata sanda. Ti ya yi tsawon da rabin ƙwallo zai leƙo saman kan direba, kafaɗar dama kuma ta ɗan fi ta hagu ƙasa.

Sai ka samo robar ruwa wadda babu komai ciki, ka kwantar da ita a ƙetaren ƙwallo, kamar faɗin yatsa huɗu, ta ɗan ja baya ta ɓangaren dama. Idan ka sauko ta waje za ka tashi da ita, ƙararta ma ta ishe ka malami. Ka fara da rabin ƙarfi da sandar ƙarfe mai lamba 7, ƙwallo a kan gajeren ti. A zuciyarka ka nufi aika kan sandar zuwa dama da inda kake so, kuma idan za ka sauko ka bar bayanka yana kallon fili na ɗan lokaci, ƙugu ya fara matsawa, hannuwa su faɗo ta gefen aljihun dama. Ranar da ka ga ƙwallo ta fara ta dama kaɗan ta dawo hagu, ka ɗauki direba.

Alhaji Babba: Madalla. To Injiniya, ashe dai sai da aka zo kan hanyar sandar.

Injiniya: An zo ranka ya daɗe, kuma yanzu za ta karɓu, don ba ya tsoron dama kuma. Baban Hanif, ka sa a ɗauke ka bidiyo da waya daga baya, a tsayin ƙugu, a kan layin hannuwanka. Idan an ɗauka daga wani gefe hoton yana ruɗi, sai mai kyau ya zama kamar mai sara.

Baban Hanif: Zan sa Hanif ya ɗauka gobe in sha Allahu, in turo. Tambaya ɗaya Ɗan Jos, robar a kwance take bin layin bugu ko a gicciye?

Ɗan Jos: A kwance tana bin layi, murfin yana kallon baya. Idan ka buga goma ba ka taɓa ta ba, ka matso da ita da faɗin yatsa ɗaya.